Musun album tsakanin 'yan kaset da 'yan TikTok

Jiya mun kwana musu kan hip hop ɗin Amurka, ga abin da na tsinta. Yayyenmu da suka taso da kaset sun ce in za ka ji album ɗin Illmatic na Nas na 1994 to ka ji shi daga farko har ƙarshe, waƙa goma ne kacal, kar ka tsallake ko ɗaya, wai haka ake sanin mawaƙi. Yaran yanzu kuwa amshi ɗaya suke tsinta a TikTok su wuce, amma ƙanina ya ce a gwada DAMN. na Kendrick Lamar, ai shi ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 2018. Yaya dai ya karɓi iyafis yana ta gunaguni.