Musayar Waƙa: Ɗan Riga Da Ya Riga Kowa

Baban Halima:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Buɗin wannan mako nawa ne, kuma na ɗauko Marians Pahars, ɗan ƙwallon Latbiya. An haife shi a Yukren a 1976, ya yi wa Southampton wasa daga 1999 zuwa 2006, daga baya ya horar da tawagar ƙasarsa. Yawancinku ba ku riski wasansa ba. Ni na gan shi, kuma har yau yana raina. Amsa-amon ƙarshen baiti "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Ilahi na buɗe batu,
Shi ke koya wa hannu rubutu,
Ya sa zancen nan nawa ya kyautu,
Salati ga Manzo, fiyayyen kowa.

Ƙasa ce ƙarama a bakin teku,
Latbiya, in ba ku sani ba in gaya muku,
Jama'arta duka ƙasa da miliyan uku,
Sanyi da ƙanƙara sun yi mata yawa.

Babban birninta sunansa Riga,
Can yaron ya tashi yana harin raga,
Ya zo Firimiya aka ba shi riga,
Cikin 'yan ƙasarsu ya riga kowa.

Ƙungiyar Skonto ta rene shi tun yana ɗanye,
Gajere ne, amma baiwa ba ta ɓoye,
Ya bar mai tsaron baya nan a tsaye,
Kafin ya juyo an gama zurawa.

Southampton ta kira shi gwaji kan lokaci,
Ya kara da Oxford gaban idon koci,
Da dama, da hagu, da ka duk ya ci,
Uku rigis, ba mai musantawa.

Fam 800,000 aka biya kuɗinsa,
Aka sha fama kan takardar aikinsa,
Dave Jones ya dage bai janye hannunsa
Ba, don ƙungiya na bakin ramin faɗuwa.

Afrilu a The Dell, filinsu ya cika,
Blackburn na gaba, uku da biyu haka,
Daga benci ya taso, ta ukun ya saka,
Aka tashi canjaras, rai na dawowa.

Ranar ƙarshe, 16 ga Mayu,
Everton ta zo, ana neman a rayu,
Ya ci ta farko, ya cike ta biyu,
Southampton ta tsira daga nutsewa.

Ni dai a nan na kafa yabona,
Mako shida ya isa ya shiga raina,
Wanda ya zo ran wuya shi ne gwanina,
Zaure naku ne, ina jiran amsawa.

Ɗan Autan Zaure:

Wa alaikumus salam Baba. A yi mini afuwa, ni ban gamsu ba tukuna.

Baba, na rusuna na gaishe ka,
Na karanta baitocin da ka tsara duka,
Amma ina da tambaya gare ka,
In na yi kuskure kai ne mai gyarawa.

Shekara bakwai yana Ingila zaune,
Wane kofi ya ɗaga? Nuna mini wanne.
Gwani a wurinmu mai lambar zinare ne,
Ceto daban, cin kofi daban a ƙirgawa.

Ƙwallo 45 a wasa 156,
Lissafin ke nan, kuma shi ne shaida,
Kaka guda cur yana jinya a gida,
To ina girman da ake ta faɗawa?

An kira shi Michael Owen na Latbiya,
Owen ya ɗau Ballon d'Or gaban duniya,
Sunan aro ne, mu faɗi gaskiya,
Kayan aro kuwa dole akwai mayarwa.

Mai Gidan Kallo:

Auta, matso kusa in ba ka abin da na gani da idona. Satumban 1999 ne, a Old Trafford, lokacin Manchester United na riƙe da kofuna ukun da ta kwashe a kakar da ta gabata. Ni da ƙwar biyu zan zo.

Ƙanena, takarda tana ƙirga ƙwallo,
Ba ta ƙirga yadda aka yi zurawa.

A rumfar kwano muke, kan bencin katako,
Janareto na kuka, fanka na juyawa.

Talabijin ɗaya, kawuna a cunkushe,
Kusan kowa United yake marawa.

Jaap Stam na tsaye, ƙato kamar kuka,
Wanda 'yan gaban Turai ke gudun haɗuwa.

Sai ga gajeren ya nufo shi kai tsaye,
Kamar ɗan maraƙi da bajimi a karawa.

Ya tura ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa,
Ya zagaya ya tarbe ta tana wucewa.

Taibi na raga, ya aika ta gidanta,
Rumfarmu ta yi tsit kamar an yi rasuwa.

Wani tsoho a gefena ya tuɓe hula,
Ya riƙe ta a ƙirji, baki ya ƙi buɗuwa.

Uku da uku aka tashi ranar,
Le Tissier ya ƙara biyu wajen ramawa.

A kakar nan 13 ya ci a Firimiya,
Cikin 'yan ƙungiyar ya zarce kowa.

Da suka bar The Dell suka koma St Mary's,
Wata uku a gida nasara ta ƙi samuwa.

Sai Nuwambar 2001 da Charlton ta zo,
Shi ya ci ɗayar da ta share damuwa.

Shi da James Beattie suka riƙe gaba,
Ya ci 14 a lig, Strachan na horarwa.

Sunan Owen wasu ne suka liƙa masa,
Nasa na yanka ya ishe shi amsawa.

Inna Mai Jinya:

Ɗana Auta, wannan kalma taka ta "jinya a gida" ita ta taso ni. Na yi shekaru ina aiki a sashen masu karaya da targaɗe, na san abin da idon sawu ke yi wa mai gudu.

Ɗana, kada ka raina zancen ciwo,
Ba a gayyatar sa, shi ke yin yawo,
Idon sawu in ya taɓu, ko ya dawo,
Tsoron taka shi ba ya gushewa.

Jarin Pahars duka gudu ne da juyi,
Ya tsaya cak, ya karkata, ya yi sauyi,
A kan gaɓa ɗaya yake ɗora nauyi,
Ita ce kuwa ta fara gazawa.

Nuwambar 2002 ciwon ya kama shi,
Wata bayan wata ana jiran ya tashi,
Abokai suka kai wasan ƙarshe ban da shi,
Kofin FA a Cardiff, yana kallon karawa.

Arsenal ta ci ɗaya, ta ɗauki kofi,
Shi yana gefe, zuciya na zafi,
Ciwon da ke rai shi ya fi ƙarfi,
Babu allurar da ke kwantarwa.

Na ga saurayi da sandar ƙarfe,
Yana koyon taku tun da sassafe,
Hannu ɗaya bango yake dafe,
Taku goma, sai hawaye na zubowa.

Shekara ta zagayo, sai ga Disamba,
Portsmouth ta zo, maƙwabta abokan gaba,
Ya lanƙwasa ƙwallo, gola bai kai ba,
Uku ba ko ɗaya, St Mary's na rawa.

Sai ciwon ya dawo ya haɗiye kaka,
2004 zuwa 2005, dukanta haka,
Ƙungiyar da ya ceta ta sauka,
Bayan shekara 27 ana fafatawa.

Ran da ƙafar ke lafiya, ta tsira,
Ran da ƙafar ta kwanta, ta gangara,
Ka haɗa wannan cikin abin da ka tara,
In ka koma teburin ƙirgawa.

Sarkin Yaƙin Zaure:

Inna, Allah ya saka da alheri. Sai dai kada son Pahars ya sa mu danne haƙƙin wasu. Gasar cin kofin Turai ta 2004 a Fotugal ita ce babbar gasa ɗaya tilo da Latbiya ta taɓa halarta, kuma ba ƙafarsa ce ta kai su ba.

Wasa 75 ya yi wa ƙasa tasa,
Ƙwallo 15 ke cikin kundinsa,
Sau uku a jere gwarzon ƙasarsa,
Daga 1999 babu mai ƙwacewa.

Amma a 2003, gaban Turkiyya,
Wadda ta zo ta uku a kofin duniya,
Verpakovskis ne ya buɗe hanya,
Ɗaya a Riga, sanyi na ratsawa.

A Istanbul biyu aka fara zura musu,
Turkawa sun ɗauka an gama da su,
Laizans ya rage, Verpakovskis ya cim musu,
Biyu da biyu, Latbiya ce mai wucewa.

Starkovs ne koci, uban gidan Skonto,
Ya kai su gaban Jamus a birnin Porto,
Ƙaramin dangi ya tsaya wa ƙato,
Minti 90 raga ba ta motsawa.

Cek ta sha da ƙyar, biyu da ɗaya,
Holan ta ci uku, suka kama hanya,
Pahars daga benci yake shiga, ba ƙarya,
Jiki na ja baya, zuciya ce ke kaiwa.

Abin da har yau yake ci mini rai,
Shekarun da yake kan ganiyarsa sarai,
Ƙasar na gida, ba ta leƙa Turai,
Ran da ta je, ƙafar ta soma gajiyawa.

Ɗan Autan Zaure:

Inna, na ji, na janye kalmata,
Kin yi mini faɗa kamar mahaifiyata,
Zancen ɗan wasa yanzu na fahimta,
Saura na koci, a nan nake tsayawa.

A 2013 aka ba shi jagoranci,
Neman Turai na 2016 ya zo da ƙunci,
Wasa 10, babu ko ɗaya da ya ci,
Na ƙarshe a rukuni, ba mai musawa.

Holan ta zuba masa shida a raga,
'Yan tsibiran Faro suka zo har Riga,
Suka ci biyu, suka kaɗe riga,
A Maris 2017 aiki ya kai ga ajiyewa.

Baban Halima:

Auta, Allah ya yi maka albarka da ka saurari Innarka. A kan Faro ka yi gaskiya, ba zan kare wannan ba. Amma ka buɗe littafin daga tsakiya.

Ɗana, wasan Faro ya dame ni ni ma,
A nan ka kama ni, ba ni da dama,
Amma kafin mu naɗe tabarma,
Ga shafukan da ka yi tsallakewa.

Daga Ingila Anorthosis ta ɗauke shi,
A Saifurus ma ciwo na bin shi,
Ya koma gida, Skonto ta karɓe shi,
Da kofin 2010 a Jelgava ya yi rufewa.

Gefen Starkovs ya zauna ya fara,
Skonto ta ɗauki lig a wannan shekara,
Da ya karɓi ragamar, kofi ya ƙara,
Na ƙasa, a 2012, kana iya dubawa.

Gasar Baltik da ake yi da maƙwabta,
Sau biyu yana koci ya lashe ta,
2014 da 2016, ɗauko biro ka rubuta,
Ka ce ba kofi, ga biyu ina nunawa.

Wasa 10 ɗin nan, biyar canjaras ne,
Biyu da Turkiyya, ka san manya ne,
A gidan Cek da na Aisilan ma haka ne,
Da yaran da sunansu ba ka riƙewa.

Tawagar 2004 Skonto ce uwarta,
Lig 14 a jere ta kwashe da ƙarfinta,
Daga 1991 babu mai karya ta,
Nan aka yi renon masu tasowa.

A zamaninsa ruwa ya ja baya a rijiya,
Rashin kuɗi ya durƙusar da ƙungiya,
A 2016 Skonto ta bar duniya,
Guga ya sauka, laka yake ɗebowa.

Ban ce babban koci ne na duniya ba,
Ban ce bai yi kuskure a benci ba,
Na ce bai ɓuya ran da aka kira shi ba,
Yana ɗan shekara 36 ya ɗau nauyin kowa.

Ɗan Autan Zaure:

Baba, a kan Faro ina nan kan bakana. Amma tun ɗazu maganar Yaya Mai Gidan Kallo ta hana ni sukuni.

Na je na nemo bidiyon Jaap Stam,
Na kalla sau huɗu, na riƙe waya ƙam,
Ƙafafun ƙato a buɗe, bai ankara ba sam,
Yanzu na wasan Everton nake saukewa.