A taimaka don Allah: layin I2C yana daskarewa, dmesg sai kuskure -110

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum manyanmu. Ina cikin damuwa. Aikin nan ba ni na faro shi ba, wani ne ya rubuta direban (manhajar da ke sarrafa sensarmu) ya bar wurin, ko layi ɗaya na bayani bai bari ba. Aka ce in ɗora tunda na taɓa karanta C. Na faɗa wa oga ni manhajar waya na iya, ya ce ai duk kwamfuta ce. Yanzu mai kaya yana jira, kullum sai an kira ni taro, barci ma ya gagara.

Bod ne mai ARM, da sensar auna motsi a kan I2C (layin wayoyi biyu da furosesa ke magana da sensar ta kansa), gudun 400 kHz. Muna kan Linux 5.10 lafiya lau. Da muka koma 6.1, sai ya yi awanni yana aiki, can kuma dmesg (inda kanel, wato zuciyar Linux, ke rubuta saƙonninsa) ya cika da -110, wato lokacin jira ya ƙare. Umarnin reboot ba ya gyara shi, sai an zare wuta gaba ɗaya. Na sa direban ya riƙa maimaita karatu in ya faɗi, bai hana ba. Tabbas akwai abin da aka ɓata a 6.1. Wane faci zan cire?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabu da kanel, ba ruwansa. Amsar tana cikin maganarka: reboot ba ya gyarawa sai an zare wuta. Reboot furosesa yake sake tayarwa, sensar kuwa wutarta ba ta yanke ba. An katse ta tana tsakiyar aika bayani, ta riƙe SDA, wato wayar bayani, a ƙasa tana jiran sauran bugun agogo. A I2C ba mai tura waya sama, kowa ƙasa yake ja, rizisto ne ke mayar da ita. Na'ura ɗaya ta riƙe, kowa ya tsaya. Tun 1982 da Philips suka fito da tsarin, wayoyi biyun nan ne. Maganin yana cikin ƙa'idar: bugu tara a SCL, wato wayar agogo, sannan STOP. Sa mitar auna wuta a SDA lokacin da ya daskare, za ka ga sifili. Rizisto nawa ka sa?

Ɗan Koyo: Yallaɓai 10k ne, kuma da su ya yi aiki a 5.10. Shi ya sa nake cewa manhaja ce.

Tsohon Hannu: 10k a 400 kHz? A wannan gudun ƙa'ida ta ba waya 300 ns ta tashi, a 100 kHz kuwa 1000 ns. Sa'a ce ta riƙe ka a da. Sauke clock-frequency zuwa 100000 a fayil ɗin DTS da ke bayyana wa kanel kayan bod, ko ka sa rizisto 2.2k.

Injiniya Mace: Malam, ban musa maka ba, amma ka bayyana abin da ya hana shi farfaɗowa ne, ba abin da ya katse sensar tun farko ba. Ɗan uwa, a ina kake karanta sensar? Idan cikin intarof ne kai tsaye (lokacin da sensar ta katse furosesa don a saurare ta), akwai matsala, domin i2c_transfer tana iya barci, dole ka bi ta request_threaded_irq. Kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP ka gani ko zai yi ƙara. Sannan ka kunna abubuwan da ke /sys/kernel/tracing/events/i2c, za ka ga saƙon ƙarshe kafin ya mutu. Kuskuren farko nake so in gani, ba dubun da suka biyo baya ba. Ko akwai -121 ko -11 kafin -110 ɗin?

Mai Gyara: Ni abin da ke ci min rai masu sayar da bod ɗin nan ne. Su ba ka kanel da suka cusa wa faci fal, ka tura musu tambaya su yi gum. Akwai wani da na yi fama da shi, ashe guntunsu, wato chip ɗin, ba ya jure sensa ta riƙe SCL tana neman a jira ta, kuma sun sani, yana can ƙasan takardar kurakuransu. Ƙarshe i2c-gpio na koma, direban da ke tuƙa wayoyin da manhaja. Allah ya isa.

Baban Yara: Gaskiya ne. Mu ma a wurinmu an hana mu sayen osiloskop, amma an canza kujerun ɗakin taro.

Ɗan Koyo: Yaya, ban duba kuskuren farko ba, maimaitawar da na sa tana cika dmesg har na baya su goge. Amma ba zan cire ta ba, ita ke sa ya ɗan jima. Kuma 100 kHz ba zai yiwu ba, mai kaya ya ce yana son sauri.

Injiniya Mace: To ai ka binne shaidarka da hannunka. Ko journalctl -k ka duba, ko ka ƙara log_buf_len.

Mai Bisect: Ku daina gardama. Yana da sigar da ke aiki da wadda ba ta aiki, git bisect kawai, ya yi ta raba facin biyu-biyu har ya gano wanda ya ɓata. Tsakanin 5.10 da 6.1 matakan ba za su wuce ashirin ba.

Tsohon Hannu: Kowane mataki kuma a zauna awanni ana jira ya daskare? In bai daskare ba ka ce lafiya ne, alhali sa'a ce, bisect ya kai ka ga facin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na sha faɗa, duk wanda ya taɓa I2C bai kalli wayar ba, duban boka yake yi. Ƙanena, sa scl-gpios da sda-gpios a DTS in direban bod ɗinka ya yarda da su, kanel da kansa zai yi bugu taran.

Injiniya Mace: Ya farfaɗo, ya sake faɗuwa, ba wanda ya san dalili. Wannan rufa-rufa ce Malam.

Tsohon Hannu: Hajiya, kaya na hannun mutane da yawa da haka suke aiki.

Ɗan Koyo: Na gode duka. Wani abu da ban ga amfanin faɗa ba: lokacin da muka koma 6.1 an fitar da sensar daga kan bod, an sa mata waya mai kusan mita ɗaya saboda sabon akwati. Amma waya ce mai kyau.

Tsohon Hannu: Inna lillahi. Sai yanzu? Iyakar nauyin cajin da layin gaba ɗaya zai ɗauka 400 pF ne, kai ka ƙara masa mita guda a kan 10k.

Mai Bisect: Mayar da 5.10 a kan doguwar wayar. In ya daskare, Malam ya yi gaskiya.

Ɗan Koyo: Tsohon fayil ɗin kanel 5.10 ɗin yana kwamfutar wanda ya tafi, an goge ta. Kuma oga ba zai yarda a taɓa akwati ba, an riga an buga su. Ni dai har yanzu zuciyata na kan 6.1. Akwai wanda ya gwada 6.6?

Mai Gyara: Wane kamfani ne ya yi bod ɗin naka tukuna? In su ne, kada ka wahalar da kanka.