Musayar waƙa: Rumsiki, kwarin duwatsu masu tsini

Ɗan Marwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, jiya na dawo daga Rumsiki, wani ƙauye a arewacin Kamaru, wallahi har yanzu idona na can, a Marwa aka haife ni amma ban taɓa zuwa ba sai da aiki ya kai ni Mokolo na ce bari in ƙarasa tunda kilomita 55 ne kawai. Ga nawa, mai iyawa ya ɗora

Na bar Mokolo da hantsi bisa moto,
Ƙura da gargada har na yi tsaki.
Da muka hau tudu sai kwari ya buɗe,
Na ce mai moto tsaya, ga mamaki.
Duwatsu sun miƙe kamar taɓare,
Wa ya kafa su in ba Allah Sarki?

Malama Garwa:
Sannu da hanya ƙanena, wancan babban dutsen da ka gani ƙololuwarsa mita 1,224 ce sama da teku fa

Dutsen da ka gani tsaye shi kaɗai,
Aman wuta ne ya sandare a baki.
Ruwa da iska suka ci gefensa,
Suka bar ƙashi suka tafi da jiki.
An ce maharbi ya fara zama nan,
Rum dutse ne, shi kuwa sunansa Siki.

Kawu na Mora:
Yara kun yi ƙoƙari amma kar ku tsaya ga kyan wuri kawai, ku tambayi abin da ya kai mutane can sama

Ba don sha'awa suka hau dutse ba,
Gudun mahara ne masu zuwa kan doki.
Hamman Yaji na Madagali ya sha kwasar bayi,
Sai 1927 aka raba shi da mulki.
Suka jera dutse suka tare ƙasa,
Dawa ta tsiro a gangare, kun ji aiki.
Iyaka ta raba su, can Najeriya a ce Higi,
Nan gida Kamaru a ce Kapsiki.

'Yar Kuseri:
Allah ya ƙara girma Kawu. To yayana ni tambaya gare ni

Ina tsohon nan mai duba da ƙaguwa,
Ka je wurinsa ko ka tsaya a baki?

Ɗan Marwa:
Na je ƙanwata, na gani da idona amma ban tambaye shi komai ba, gaibu na Allah ne. Zuriyar maƙera ne ke wannan sana'ar a wajensu

Tukunya da yashi da ruwa da tsinke,
Ya sa ƙaguwa ya rufe ta ciki.
Ya buɗe ya duba abin da ta ture,
Na yi sallama na nufi masu saƙi.
Masaƙi ya ce tun da tsaro ya lalace,
Kaya na jibge, an daina ganin baƙi.

Wannan maganar ta masaƙin ita ta fi tsaya min a rai, da can Turawa mota mota suke zuwa yanzu kuwa tsit, mu da ke kusa ma ba ma leƙawa. Na sayi zane biyu da 'yar tukunya, iya kuɗin da ke aljihuna ke nan.

Malama Garwa:
Hutun Disamba in an gama girbi,
Ni da ɗalibaina sai Rumsiki.
Ƙanena ka nemo mana mai moton nan,
Ka ce ya kai mu ƙofar masaƙi.