Henry Fleming: jarumi ne ko matsoracin da aka rufa wa asiri?

Malam Habu: Jama'a, daren jiya na ƙarasa littafin The Red Badge of Courage na Stephen Crane, kuma ni dai a wurina Henry Fleming, tauraron labarin, bai taɓa zama jarumi ba. Yaro ya ƙi jin maganar uwarsa, ya shiga sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka don neman suna. A harin farko ya tsaya, bai gudu ba. Da 'yan Kudu suka sake dannowa sai ya yar da bindiga, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Raunin da ya koma da shi fa? Sojan ɓangarensu ne, shi ma yana cikin gudu, ya maka masa gindin bindiga a ka. Ya je ya ce harbinsa aka yi, aka ɗaure masa kai, aka ba shi kofi da bargo.

Zainabu: Haba Malam, ka tsaya a tsakiyar littafi. Washegari da aka harbe mai riƙe da tuta, wa ya fizge ta daga hannun gawa ya shige gaba? Shi da abokinsa Wilson ne. Mai tuta kuwa ba ya harbi, shi ake hara. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Malam Habu: Ragon layya kike nufi ko raggon mutum? Hajiya, fushi ne ya ɗebe shi. Ya ji da kunnensa wani babban hafsa ya kira rundunarsu masu kora alfadarai, abin ya tsaya masa a rai. Kafin nan ma ai ya yi ta harbi bayan abokan gaba sun janye, sai da aka yi masa magana ya farga. Wanda bai san abin da yake yi ba, da me za a yabe shi?

Kawu Isa: Ni abin da ke damuna daban ne. An haifi Crane a 1871, yaƙin ya ƙare a 1865. Littafin ya fito a 1895, yana ɗan shekara 23, bai taɓa jin ƙarar igwa a filin daga ba. Ina ya san tsoron soja?

Zainabu: Kawu, ya karanta labaran tsofaffin sojoji da mujallar Century ta buga, ya ga duk lissafin abin da suka yi ne, babu abin da suka ji a zuci. Wannan giɓin ya cike, har wasu suka zaci tsohon soja ne. Ka tuna inda Henry ya jefi kurege a daji, kuregen ya arce, sai ya ce ka gani, halitta ma gudu take yi? Yana cikin wanke kansa ya yi kiciɓis da gawar soja jingine da bishiya, tururuwa na yawo a fuskarta. Duk wanda ya taɓa kafa wa kansa hujja bayan ya ji kunya ya san wannan kuregen.

Malam Habu: To, kin kawo ni inda nake so. Gudun na yafe masa. Abin da ban yafe ba shi ne sojan nan mai tsummokara, wanda suka ga mutuwar Jim Conklin, abokin Henry, tare. Mutum jini na zuba, ya fara sambatu, laifinsa kawai ya tambayi Henry a ina aka harbe shi. Henry ya haye shinge ya bar shi yana tangaɗi a fili shi kaɗai.

Zainabu: Nan kam ba ni da ta cewa. Amma a ƙarshe abin ya dawo masa, ya hana shi sakewa.

Malam Habu: Na ɗan lokaci, sannan ya ture shi gefe. Bai faɗa wa kowa ba.

Kawu Isa: Gudun dai ya faɗa daga baya. Akwai gajeren labarin da Crane ya fitar a 1896, The Veteran, inda Henry ya tsufa, ya amsa a gaban mutane, har da jikansa, cewa ya gudu a yaƙin Chancellorsville.

Malam Habu: Bayan shekaru nawa, Kawu? Kuma ya ambaci mai tsummokaran?

Kawu Isa: Bari in ɗauko littafin, yana ɗakin yara.