Wane bugu na faifan farko na Pink Floyd za a saya?

Mun daɗe muna muhawara da abokai kan The Piper at the Gates of Dawn, faifan farko na Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙa ta Birtaniya, wanda aka naɗa a ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da ke Landan, ya fito a 1967, lokacin Syd Barrett ne jagoran ƙungiyar. Ga abin da na tsinta.

Mafi yawa sun ce a nemi bugun 2007 na cika shekara 40, domin ya haɗa mono (sauti a haɗe wuri guda) da sitiriyo (sauti a rabe hagu da dama). Kuma a fara da mono. Na gwada da kaina, na gamsu: ganga ta fi nauyi, jita da ogan suna dunƙulewa wuri guda su taso maka. A sitiriyo kuwa, wajen ƙarshen kiɗan Interstellar Overdrive sautin yana ta tsalle daga kunnen hagu zuwa dama, har wani a cikinmu ya ce jiri ya ɗebe shi. Wasu dai wannan suke so.

Mai neman tsohon faifan garmaho ya kula, bugun Amurka na farko babu waƙar Astronomy Domine a ciki. Wani dattijo ya ƙara da cewa kada a saurari faifan ta lasifikar waya, a sami na'ura mai kyau, a zauna a ji shi tun daga farko har ƙarshe.