Doguwar tambaya ce ke korar masu amsawa, ko yadda muke jera ta?

Maryam: Salamu alaikum. Masu aikin tattara bayanai, ku taimaka min da abin da kuka gani a fage. Na tura wa ma'aikata fom ta intanet kan yanayin aikinsu. Suna cikewa lafiya lau, suna kaiwa tambaya ta 9 sai su zame. Da na buɗe ta a wayata, ashe ta cinye fuskar wayar gaba ɗaya, sai ka ja ƙasa kafin ka ga wurin amsa. Abin ya ci min rai, wata guda na yi ina shirya fom ɗin. Gajartawa ce kawai magani?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni ta kiran waya nake yi, kuma nan abin ya fi tsanani. Ka karanto wa mutum doguwar jimla da zaɓi 5, kafin ka dire ya manta farkon. Sai ka ji ya ce, "Wancan na ƙarshen." Ba ra'ayinsa ba ne, shi kaɗai ya rage masa a kunne. Mu ma masu tambayar, in ta yi tsawo kowa gutsure ta yake yi yadda ya ga dama, a ƙarshe kowa da irin tasa tambayar.

Hajiya Binta: Malam Sani, ban ƙi taka ba, amma kada Maryam ta ɗauka gajarta ce komai. Muna binciken lafiya, muka tambayi mata, "Sau nawa kika yi rashin lafiya bana?" Da ka suke amsawa, "Sau ɗaya." Muka tsawaita ta: muka faɗi watannin, muka ambaci zazzaɓi, tari, ciwon kai, har wanda bai kwantar da mutum ba. Sai ka ga mace ta yi shiru tana ƙirga da yatsu. Tsawon ne ya ba ta lokacin tunawa. Tun shekarun 1970 masu bincike Sudman da Bradburn suka nuna haka a Amurka, musamman a abubuwan da ake jin nauyin faɗa, irin shan giya.

Usman: Anti Maryam, duba ko ba abu biyu kika cusa ciki ba. Na taɓa tambayar, "Ka gamsu da albashi da kayan aiki?" Wanda ya gamsu da ɗaya kawai me zai ce? Tsallakewa suka yi. Ki kuma lura da tsawon fom ɗin kansa. Masu bincike Galesic da Bosnjak a 2009 sun gwada faɗa wa mutane cewa cike fom ɗin zai ɗauki minti 10, 20 ko 30. Da lokacin ya ƙaru, masu farawa suka ragu, amsoshin ƙarshen fom kuma suka zama na gaggawa, gajeru.

Maryam: Usman, ka gano ni, abu uku ne ma a ciki! Na raba su, na bar misalan da ke taimaka wa tunani kamar yadda Hajiya ta ce. Gobe zan gwada da mutum 5, su karanta a gabana.