Sakandaren gwamnati a bayan gari a Amurka, me ya sa ta bambanta haka?

Sabon Baƙo:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Amurka ina neman haske. Wata biyu kenan da muka tashi daga cikin birni muka koma wata unguwa a gefen gari nan jihar Michigan, babban ɗana shekararsa 14, aji 9 zai shiga in an koma hutu. Jiya na kai shi rajista, takardar haya suka karɓa da takardar kuɗin wuta da katin rigakafi, ko sisi ba su nema ba. Toh abun da na gani ne ya ɗaure min kai, filin wasa mai fitilu, wurin ninƙaya, ɗakin taro kamar silima, ga hotunan ɗalibai jere a bango tun na shekarun 1950 marasa kala, kuma wai ta gwamnati ce. Wadda ke kusa da tsohon gidanmu ita ma ta gwamnati ce amma wlh ba su haɗa hanya ba, tafiyar minti ashirin ce kawai tsakaninsu. Me ya kawo haka? Sannan yaya rayuwar yaro musulmi take a irin wannan wuri, sallah, azumi, abokai? Mahaifiyarsa hankalinta bai kwanta ba sam.

Tsohon Zama:
Wa alaikumus salam Malam, barka da sabon gida, Allah ya sa a zauna lafiya. Amsar tambayarka ta farko tana cikin takardar hayar nan da suka karɓa. A ƙasar nan adireshinka ne ke zaɓa wa ɗanka makaranta, kowace gunduma tana da hukumar makarantunta da mutanen wurin ke zaɓa da ƙuri'a, kuma abun da gwamnatin tarayya ke sakawa yawanci bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sauran daga jiha ne da harajin gidaje na unguwar. Inda gidaje ke da tsada haraji ya fi kauri.

Abun ya samo asali tun da can. Sakandaren gwamnati ta farko a Boston aka buɗe ta 1821, amma an daɗe ana gardama ko ya halatta a ɗauki kuɗin haraji a yi wa yara karatun gaba da firamare, har wasu suka kai ƙara a garin Kalamazoo nan jiharku, kotun ƙolin jiha ta ce ya halatta a 1874. Su kuma makarantun bayan gari irin taku yawanci bayan yaƙin duniya na biyu suka tsiro. Sojoji sun dawo, dokar 1944 ta sauƙaƙa musu bashin sayen gida, aka fara yanka gonaki ana jera gidaje iri ɗaya kamar Levittown a New York 1947, aka yi ta haihuwa daga 1946 har 1964, ga manyan tituna da dokar 1956 ta kawo, mutum ya kwana bayan gari ya yi aiki cikin birni. Hotunan da ka gani a bango 'ya'yan wannan zamanin ne.

Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa wa baƙo ba kuma ni yana min ciwo. Baƙaƙen fata an hana su sayen gida a yawancin unguwannin nan lokacin, Levittown ma a rubuce yake cikin takardun gidajen farko. Kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954, toh amma farare da kuɗinsu suna ta ficewa daga birni. Wani alƙali ya so a haɗa makarantun birnin Detroit nan jiharku da gundumomi 53 na kewaye a riƙa ɗaukar yara a bas ana cakuɗa su, kotun ƙoli ta rushe shirin a 1974, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Tun daga nan layin gunduma ya zama katanga. Michigan ta yi gyara a 1994, ta ƙara harajin sayayya daga kashi 4 zuwa 6 don jiha ta ɗauki nauyin albashi da gudanarwa, gibin ya ragu, amma gini har yau mutanen unguwa ne ke jefa ƙuri'a su ci bashi su biya da harajin gidajensu. Wurin ninƙayar nan daga can ya fito.

Maman Biyu:
Baba Tsohon Zama Allah ya ƙara sani, ni dai Malam zan ce maka kar ginin ya ruɗe ka. Yarana biyu sun gama irin wannan makaranta kuma abun da na koya a makare shi ne makaranta ɗaya ce amma cikinta hawa hawa ne. Akwai ajin kowa da kowa, akwai na masu ƙoƙari, akwai AP wanda karatun matakin jami'a ne, ana jarrabawarsa a watan Mayu maki 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa in yaro ya ci 3 ko sama sai su ɗauke masa kwas. Yaro biyu za su shiga ƙofa ɗaya kullum shekara huɗu su fito kamar ba makaranta ɗaya suka yi ba.

Ni abun da ya same ni, a fom ɗin rajista na rubuta Hausa muke yi a gida, kawai sai na ga an tura 'yata ajin masu koyon turanci, yarinyar da tun tana aji uku take karatu a nan, kuma lissafin da aka ba ta ta riga ta wuce shi. Sai da zango ɗaya ya tafi kafin na gane, na je na zauna da mai ba ɗalibai shawara aka sake mata gwaji aka gyara. Don haka gobe gobe ka nemi ganin mai ba da shawarar nan, ka ce a nuna maka jadawalin ɗanka darasi bayan darasi, musamman lissafi. Makin aji 9 ma yana shiga GPA, wato matsakaicin makin duk darussan sakandare, da jami'a za ta duba, ba shekarar wasa ba ce. Ka karɓi lambar shiga shafin iyaye a intanet, ko aji ɗaya ya tsallake za ka gani a wayarka. Ka gaida min maman yaran, ka ce mata ta daure ta riƙa zuwa taron iyaye ko da turancin bai nuna ba, suna kawo tafinta in an nema.

Ɗalibin Jiya:
Kawu ina wuni. Ni shekara biyu kenan da gamawa, bari in faɗa maka ta ɓangaren yaro. Abun da ya fi wuya a satin farko ba karatu ba ne, ɗakin cin abinci ne. Ka ɗauko tirenka ka tsaya, tebura cike, kowa da mutanensa tun suna ƙanana, minti kamar 25 gare ka, ba ka san inda za ka zauna ba. Ni kwana uku a laburare na ɓuya. Abun da ya cece ni shiga ƙungiyar masu gudun dogon zango, ba a kore kowa a tamu, kafin wata guda na samu tebur. Ku bar shi ya shiga wani abu dan Allah, wasa ko muhawara ko 'yan haɗa robot ko jaridar makaranta, yaron da ke hawa bas mai ruwan ɗorawa ya koma gida ƙarfe uku kullum shi ne ke zama shi kaɗai da waya.

Daren Juma'a lokacin kaka duk unguwa filin ƙwallon Amurka take tafiya, 'yan badujala da ganguna, tsofaffin da suka gama shekara arba'in baya suna zaune da rigar makaranta, ka je da shi ko sau ɗaya za ka gane matsayin makarantar a wurinsu.

Batun addini kuma, akwai dokar 1984 da ta ce in makaranta ta bar ƙungiyoyin da ba na darasi ba to ba ta da ikon hana ta addini, sai dai ɗalibai ne za su jagoranta ba malami ba. Mu shida muka kafa tamu ta musulmi, malamar kimiyya ta ba mu ajinta lokacin cin abinci, mu tura kujeru gefe mu yi azahar. Da azumi malamin motsa jiki ya bar ni in yi tafiya maimakon gudu da na kai takarda daga gida. A garin Dearborn ma nan jiharku, sakandaren Fordson a 2010 sai da suka mayar da atisayen ƙwallo cikin dare, ƙarfe 11 zuwa 4 na asuba saboda azumi. Ba zan ɓoye maka ba akwai sigarin lantarki a banɗaki, akwai fati a gidajen da iyaye suka yi tafiya, akwai bikin rawa da suke kira prom a shekarun ƙarshe wanda ni ban je ba kuma ba wanda ya tsangwame ni. Ku yi maganar nan da shi tun yanzu, a hankali ba da faɗa ba.

Sabon Baƙo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya wlh ni ma Hausa na rubuta a fom ɗin nan, Litinin da safe ina can. Ɗana, sallar Juma'a fa yaya kuka yi?

Ɗalibin Jiya:
Kawu mu babanmu ne ya rubuta wa ofis takarda farkon shekara, yana zuwa ya sa hannu ya ɗauke ni ya dawo da ni, amma darasi ɗaya nake rasawa duk sati, sai a shekara ta biyu muka roƙi mai ba da shawara ta sa min lokacin cin abinci ya faɗo daidai nan. Ku nemi hakan tun Litinin ɗin kafin a rufe jadawali.